Wa ya saci "hat-trick"?

Baban Abba: Jama'a, abin nan ya dame ni. Na faɗa a gidan kallo cewa "hat-trick", wato ɗan wasa ɗaya ya ci ƙwallo uku a wasa ɗaya, ba kalmar ƙwallo ba ce, aka yi ta min dariya kamar na yi saɓo. Daga wasan kurket ta fito. A 1858, a garin Sheffield na Ingila, H.H. Stephenson ya fitar da 'yan wasa uku da jifa uku a jere, 'yan kallo suka yi karo-karo suka saya masa hula, wato "hat" da Turanci. 'Yan ƙwallo sata suka yi, kuma ko godiya babu.

Ɗan Fagge: Sata? Yaya, ka janye kalmar nan. Ɓarayi ka mai da mu ke nan?

Malam Na Zariya: Aro ake cewa a ilimin harshe. Sabulu da shayi daga Larabci muka same su, tebur da bokiti daga Turanci, ashana daga Yarbanci. Su ma duk sata ce?

Maman Hanifa: Malam, ai aro ana mayarwa. Yaushe za mu mai da wa Larabawa sabulunsu?

Malam Na Zariya: Hajiya, ki bar wasa da ilimi.

Maman Hanifa: Ba wasa nake ba. Abin da ka ɗauka ba ka tambaya ba, ba ka mayar ba, mene ne sunansa?

Yerima Maiduguri: Tunda an zo nan, kasuwa tamu ce. Kasugu muke cewa da Barbarci, ku kuka lanƙwasa ta.

Ɗan Fagge: Kano za a koya wa kasuwa? Kurmi tun zamanin Sarki Rumfa take ci. Kawo littafi mu gani.

Yerima Maiduguri: Kakata ce littafina.

Ɗan Maraɗi: Mu nan lakwal muke ce wa makaranta, daga Faransanci, ba wanda ya taɓa kiran mu ɓarayi. Ku 'yan Najeriya komi sai kun yi faɗa.

Baban Abba: Don Allah a koma kan kurket. 'Yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand a gasar duniya a Malesiya a 2025, waye a cikinku ya ma ji labari?

Ɗan Fagge: Wasan da ake kwana biyar ana yi, a tashi babu wanda ya ci? Ka dai janye "sata".

Baban Abba: Ba zan janye ba. Ɗan Arsenal ne zai koya min magana?

Ɗan Fagge: Me ya kawo Arsenal nan? Admin, ka gani fa.

Admin: Ya isa haka. Na karanta duka. Mafi yawa sun yarda "sata" zagi ne ga masu kallon ƙwallo, kuma Baban Abba bai nemi afuwa ba. Maganar kasuwa, Kano ke da gaskiya, Yerima bai kawo hujja ba. Batun hula kuwa, ko da kurket ta fara, ƙwallo ce ta kai kalmar har ƙauyenmu, don haka tamu ce. Wanda ya sake ta da zancen zan cire shi.