Yadda ake ɗaure kunnen kwikwiyo ya tsaya

Wannan bayani ya shafi kwikwiyon Doberman, wani nau'in kare, wanda aka yanke wa gefen kunne aka ɗinke don kunnen ya tsaya. Ba a fara ɗauri sai an cire zaren ɗinki, kwana 10 zuwa 14 bayan yankan, gefen kunnen ya bushe sarai.

A yanko soso mai tsawon kunnen, a naɗe shi da filasta, gefen mai danƙo a waje. A zura gindinsa cikin kwarmin kunnen, ba can cikin rami ba, a miƙar da kunnen sama, a zagaya filasta mai shan iska a gindi, tsakiya da kusa da tsini. Kada a matse. Matsi yana tsayar da jini har tsinin ya ruɓe. In kunnen ya kumbura, ya yi sanyi ko wari, a kwance nan take.

Ana sauyawa duk kwana 5 zuwa 7, amma a zafin bazara ko damina a riƙa dubawa kullum, don laima da ƙuda na kawo gyambo. Lokacin sauya haƙori, kwikwiyo yana ɗan wata 4 zuwa 6, kunne kan sake langaɓewa, sai a ci gaba da ɗauri. Ƙarin sinadarin kalsiyam ba ya tsayar da guringuntsi, ƙashi yake ɓatawa.

Likitocin dabbobi na jaddada cewa yankan kunnen ado ne kawai. Ingila ma ta haramta shi.