Madaba'ar Alƙur'ani ta Sarki Fahad a Madina: wa ya kafa ta, kuma me ya sa ba a sayar da wasu kwafin?

Dan_Tsangaya:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman bayani kan madaba'ar nan ta Madina da ke buga Alƙur'anin da ake bai wa alhazai. Kamfani ne ko hukuma? Yaushe aka kafa ta? Sannan a wasu kwafin an rubuta cewa waƙafi ne, bai halatta a sayar ba, amma ga su a hannun 'yan kasuwa. Ta yaya mutum zai gane bugunsu na asali?

Malam_Mai_Rasmu:
Wa alaikumus salam. Ba kamfanin neman riba ba ne. Sarki Fahad bin Abdul'aziz ya aza harsashinta a 1982, aka buɗe ta a 1984, a gefen hanyar Tabuka, kan fili mai faɗin murabba'in mita 250,000. Tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Musulunci ta Saudiyya, gwamnati ke ɗaukar nauyinta. Tana fitar da kwafi sama da miliyan 10 a shekara, mafi yawa kyauta ake rabawa: alhazai idan za su koma gida, masallatai, makarantu. Wani kaso kuma ana sayarwa.

Amma in ka tambaye ni, yawan bugu ba shi ne babban aikinta ba. Babban aikin shi ne tantancewa. Kafin ita, bugun Alƙahira na 1924 shi ne ma'auni, sai dai madaba'u da yawa a ƙasashe daban-daban kowa na bugawa yadda ya ga dama, kuskure na shiga ba mai bibiya. A Madina aka kafa kwamitin malaman ƙira'a da rasmu, wato ilimin yadda ake rubuta kalmomin Alƙur'ani. Mus'hafin nasu rubutun hannu ne, na Usman Ɗaha, mutumin Siriya. Yana fara rubuta baƙaƙe zalla, babu ɗigo babu wasali, kwamiti ya gwada su da ƙa'idojin rasmun Usmani, wato rubutun Mus'hafin Halifa Usman, kamar yadda malaman rasmu Addani da Abu Dawud Sulaiman bin Najah suka ruwaito. Sai a sa ɗigo a sake dubawa, a sa wasali a sake dubawa, sannan alamomin tsayawa da lambobin ayoyi. Dalilin rarraba aikin haka shi ne idon mahaddaci yana karanta abin da ke kansa, ba abin da ke kan takarda ba. In aka ba shi shafi cikakke sai ya wuce kuskure bai gani ba.

Suna kuma buga tarjama cikin harsuna da dama, har da ta Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi.

Injin_Bugu:
Allah ya saka wa Malam. Bari in ƙara ta ɓangaren injin, don kuskuren da ake samu a Alƙur'ani bugagge galibi ba daga marubuci yake ba, daga haɗawa da ɗinki ne.

Ba shafi-shafi ake bugawa ba. Faffaɗar takarda ɗaya na ɗaukar shafi 16 ko 32, a naɗe ta ta zama kashi guda, a jera kashi-kashi, a ɗinke, a yanke gefe, a sa bango. A wajen jerawar nan ake samun matsala: injin ya ɗauko kashi ɗaya sau biyu, ko ya tsallake wani, ko ya sa shi a kife. Shi ya sa za ka ga mai karatu yana cikin Ma'ida kawai ya faɗa tsakiyar An'am, shafi 16 cif sun ɓace. Wata matsalar kuma tawada ce: ƙura ta hau farantin bugu sai ta zama ɗigo a inda babu, ko farantin ya kanƙare sai ɗigon gaske ya ɓace, jimun ta koma ha. Don haka a Madina ake zaro samfuri ana dubawa yayin da injin ke gudu, bayan ɗinki kuma ma'aikata su bi kwafin da hannu.

Ga gwaji mai sauƙi ga bugun Hafs na Madina. Shafuka 604 ne, layi 15 a kowane shafi in ban da biyun farko, kuma kowane shafi da ƙarshen aya yake ƙarewa. Juzu'i na biyu ya fara a shafi na 22, Kahfi a 293, Yasin a 440, Tabaraka a 562, juzu'in Amma a 582. Bayan haka ka bi lambobin shafi da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, kada ka yi ƙyuya, minti goma ya isa.

Sai dai wannan ba ya nuna cewa a Madina aka buga shi. Madaba'u da yawa suna ɗaukar hoton shafukan Madina su buga a takarda mai arha. Duba shafukan ƙarshe, inda ake sa sunan madaba'a da bayanin kwamiti da shekarar bugu, sannan ka ɗaga takarda a haske: in rubutun baya yana ratsowa har ya rikita wasali, akwai alamar tambaya.

Alaramma_Warshu:
Abu biyu da ba a ambata ba. Na ɗaya, ba Hafs kaɗai suke bugawa ba, akwai Warshu da Ƙaluna da Duri da Shu'uba. Wanda ya tashi da Warshu ya duba bango ya ga ruwayar kafin ya karɓa, don ko ƙidayar ayoyin ba ɗaya ba ce: Hafs na bin ƙidayar Kufa, 6,236, Warshu kuwa ta Madina, 6,214. Lambobin shafin da Injin_Bugu ya kawo na Hafs ne.

Na biyu ya shafi masu hadda. An sake rubuta Mus'hafin bayan bugun farko na 1405 Hijira, kuma a sabon rubutun kalmomi sun ɗan sauya wuri a cikin layuka, ko da yake yawan shafi bai canza ba. Yaron da ya fara hadda da ɗaya kada a canza masa a tsakiya, domin ido ya riga ya riƙe mazaunin kowace kalma.

Batun sayarwa kuwa, Dan_Tsangaya, kwafin da aka rubuta wa "waƙafi" ko "kyauta, ba na sayarwa ba" an riga an biya kuɗinsa, sharaɗin mai waƙafi kuma abin kiyayewa ne. Wanda ya tara su ya kai kasuwa ya ci amana. Waɗanda madaba'ar ta fitar don sayarwa ba su ɗauke da wannan rubutun, su babu laifi a cinikinsu.

Dan_Tsangaya:
Na gode ƙwarai malamai, Allah ya ƙara sani. Alaramma, tarjamar Gumi da suke bugawa, nassin Larabcin da ke gefenta Hafs ne ko Warshu?