Ina son ci gaba da karatun ginin jimla, a gida zan yi ko waje?

Ɗan Sakkwato: Salamu alaikum jama'a. Na gama digirin farko a Hausa, na gama bautar ƙasa, yanzu ina son in yi mastas a kimiyyar harshe kuma ginin jimla nake so, shi kaɗai ne kwas ɗin da nake zama in zana bishiyar li'irabi har dare ban gaji ba. To amma wasu na ce mani sai an fita waje ake samun masu duba wannan fannin sosai, wasu su ce BUK ko ABU sun isa. Don Allah waɗanda suka bi hanyar nan me za ku ce?

Malama Hajara: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka zaɓi makaranta ka zaɓi wanda zai duba aikinka, domin shi za ka zauna da shi shekaru, ba ginin jami'ar ba. Shawarata ka yi mastas ɗin a gida, BUK ko Maiduguri ko nan Danfodiyo, ka samu rubutu mai ƙarfi a hannu sannan ka nemi digirin digirgir a waje. A Amurka yawanci shekara 5 ne kuma su ke biya maka kuɗin makaranta har su ba ka alawus, amma a watan Disamba ake rufe karɓar takardu, za su nemi wasiƙun malamai 3 da samfurin rubutunka, wasu da TOEFL, wato jarrabawar gwada iya Turanci. Samfurin nan shi ne komai wallahi.

Ɗan Sakkwato: Na gode Malama. To samfurin a kan me zan rubuta? Furojet ɗina a kan karin magana na yi.

Abu Maryam: Ɗan'uwa ai abin rubutu yana bakinka. Duba: "yara sun zo" amma "su wa suka zo?", "yara ne suka zo". "Tana dafa tuwo" amma "tuwo take dafawa". Me ya sa sun ke komawa suka, tana ke komawa take da zarar an ciro abu an kawo shi gaba? Sannan in aka ce me take dafawa, kana iya cewa "tana dafa tuwo ne" ba ka ciro komai ba kuma tana ɗin bai canza ba. Jaggar na makarantar SOAS da ke Landan ya yi aiki a kai, haka Hartmann da Zimmermann a Jamus, amma galibi da Kananci ake kawo misalai. Kai da kake cewa "sunka zo" da "shi yaz zo", tattaro jimloli daga bakin mutanen garinku ka gwada ko dokar ɗaya ce, shafi 15 zuwa 20 ya isa.

Malama Hajara: Haka ne. Amma sai ka dage da karatun ra'in Chomsky, musamman na 1995 zuwa yau, don da shi yawancin malaman ginin jimla na waje ke aiki, kuma da Turanci za ka rubuta. In Jamus ta kwanta maka duba sukolashif ɗin DAAD, hukumar Jamus mai tallafa wa ɗalibai, can sai ka fara tura wa farfesa imel ya amince tukuna.