Wa ya taɓa zama inda kuɗi iri biyu ke yawo?

Ɗan Tudun Wada: Jama'a, jiya gardama ta kaure a majalisarmu kan yadda ƙasa ɗaya za ta yi ciniki da kuɗi biyu. Wanda ya gani da idonsa ya fitar da mu.

Likita daga Shika: Ni na gani, a Kyuba na yi karatu. Akwai peso na 'yan ƙasa, da shi ake biyan albashi, a shiga bas, a sayi burodi. Sai CUC, peso na biyu da aka fito da shi a 1994, darajarsa daidai da dalar Amurka. In ka kai CUC ɗaya wurin canji su ba ka peso 24, in saye za ka yi 25. Matsalar ita ce sabulu mai kyau, man girki, kayan waje, duk sai a shagunan CUC. Malamin da ke koya mana tiyata, direban tasi mai ɗaukar baƙi ya fi shi samu nesa ba kusa ba. Satina na farko wani mai gwanda ya karɓi CUC ya ba ni canjin peso, ban farga ba sai a ɗaki. Daga baya aka koya min: mai hoton mutum peso ne, mai hoton gini ko gunki CUC. A Janairun 2021 suka soke CUC.

Mai fataucin wake, Sabon Gari: Likita, ba sai an haye teku ba. A kasuwar Jibiya Naira da sefa duk suna ci. Ka dai iya lissafin mutanen Maraɗi, a wurinsu sefa biyar ake kira dala, dala ashirin sefa 100 ce, jika kuwa 1,000. Da sefa muke rainawa, yanzu ita ake ɓoyewa a aljihun ciki.

Maman yara, Samaru: Ku kun manta 2023 ke nan? A nan Zariya tsohuwar dubu ta zama abin gudu, sabuwa ba ta samuwa, mudun shinkafa kuɗinsa biyu, na hannu daban, na taransifa daban. Na biya 1,500 wurin mai POS kafin ya ba ni 10,000 tawa.

Likita daga Shika: Hajiya, naku ai 'yan watanni ne, mutanen Kyuba sun shekara 26 a haka.

Maman yara, Samaru: Ranka ya daɗe, ba kai ka yi cefanen watannin ba.