Neman kalmar Hausa: me za mu kira "precompiled package"?

1/ Masu gyaran kwamfuta a unguwar PZ ta Zariya da ɗaliban ABU a Samaru kullum bakinsu "setup", "APK", "binary". Abu ɗaya suke nufi: manhajar da aka riga aka juya zuwa harshen na'ura, aka ƙunshe ta, kai dai ka sauke ka ɗora. Ni ina ganin mu ce ɗinkakkiyar manhaja.

2/ Mai ƙirƙirar manhaja rubutu yake yi da harshe irin C ko Rust, wanda mutum zai iya karantawa. Na'ura ba ta aiki da shi sai an juya mata. Rubutun nan shi ne yadi. In shi aka ba ka, kai za ka nemo kayan aiki ka zauna ɗinki, babbar manhaja kuwa takan ci awoyi, ga wutar da ba ta zama.

3/ Abin da ya fi ja na ga kalmar shi ne awo. Ɗinkakkiyar riga ba ta shiga kowa. Fayil ɗin .exe awon Windows ne, .dmg na macOS, .deb na Debian da Ubuntu, .rpm na Fedora (ukun nan duk ire-iren tsarin Linux ne), .apk na Android. Awon ma bai tsaya ga tsarin kwamfutar ba, har da ƙwaƙwalwar da ke cikinta: wadda aka ɗinka wa Intel daban, ta ARM daban. Shi ya sa da Apple ta fito da ƙwaƙwalwarta M1 mai tsarin ARM a 2020, masu manhaja suka koma ɗinki, wasu suka zuba awo biyu a ƙunshi ɗaya.

4/ "Tattararriya" na ji an kawo, amma ba tattara komai ake yi ba. "Haɗaɗɗiya" kuwa matasa sun riga sun ɗauke ta, yabo za a ji.

5/ Kalmar tana kuma jan kunne. Ɗinkakkiya ba ka ganin abin da aka cusa a cikinta, farke ta sai gwani. Ubuntu yana duba sa hannun rumbunsa, wato shaidar cewa daga ma'ajiyar manhajojinsa abin ya fito, kafin ya ɗora ƙunshi. APK ɗin da aka tura maka ta Xender a Sabon Gari kuwa, wa ya san wanda ya taɓa shi?

6/ Malaman sashen Hausa da na kwamfuta, ku gwada wannan a aji: "Ɗinkakkiya za ka sauke, amma duba awon na'urarka tukuna." In ɗalibai sun gane ba tare da ƙarin bayani ba, mu riƙe ta.