Wai me ya sa gumin mace bai kai na namiji kuɗi ba?

Maman Hanifa, Daura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah tambaya gare ni, abin ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. Kakar bana na je ƙauyenmu wajen Sandamu na tarar da innata da wasu mata suna roron wake a gonar wani tun hantsi har la'asar sakaliya, da aka tashi sallama waken ne aka auna masu a kwano. Samarin da suka nome gonar da damina kuwa jinga aka yi da su, kuɗi hannu. Ni ma koyarwa nake a wata makarantar kuɗi, malamin da aka ɗauke mu rana ɗaya ya fi ni albashi, da na yi magana sai aka ce wai shi mai iyali ne ni kuma ciyar da ni ake. Doka ce ta ce haka ko ko son rai ne?

Manomin Bakori:
Wa alaikumus salam Hajiya. Huɗa da noman farko aikin ƙarfi ne kuma ruwa ba ya jiran kowa, shi ya sa ɗan ƙwadago ke yanka farashinsa. Amma tsakani da Allah daga an yi girbi aikin na mata ne, sussuka, shiƙa, ɓarar gyaɗa, tsintar auduga, mu kan ce taimako suka yi mana alhali ba taimako ba ne, aiki ne.

Malam na Ƙofar Soro:
Malama ba doka ba ce. Sashe na 17 na tsarin mulkin 1999 ma cewa ya yi aiki ɗaya lada ɗaya ba bambancin mace ko namiji, matsalar yana cikin babi na biyu wanda kai tsaye ba a kai ƙara kotu da shi. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 da Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 shi ma bai ware jinsi ba, amma bai shafi wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, bai shafi aikin gona na kaka ko aikin jinga ba, to ai nan ne matanmu suka fi yawa. A masana'anta kuma sashe na 55 na dokar ƙwadago ya hana a sa mace aikin dare, sai kamfani mai shiftin dare ya gwammace ya ɗebi maza.

Hajiya mai ƙuli:
Ɗiyata ni masana'antata tsakar gida ce. Shekara da shekaru ina soya gyaɗa, in kai inji, in matse mai, in murza ƙuli, da shi na yi wa 'ya'yana mata uku kayan ɗaki. Amma yau a tambayi Alhaji me matarka ke yi zai ce tana gida ba ta komai. Kuma da yake ba na fita, mai sarin man shi ke sa farashi, ya kai kasuwa ya ci ribar da ta fi tawa, ni da na sha hayaƙi da ciwon baya.

Maman Hanifa, Daura:
Na gode ƙwarai. Malam na ƙirga, mu har da mai gadi ba mu kai 25 ba, ke nan dokar ba ta iso mu ba. Amma malamai mata mu ne muka fi yawa a makarantar, ranar Litinin in sha Allahu zan tara su mu je wurin mai makaranta tare. Hajiya ke kuma ku nawa ne masu ƙuli a unguwarku? Ko za ku haɗa man ku tura yaro ɗaya ya kai kasuwa da kansa?