Babbar laima ta fito tun daga ƙololuwa, a ina na yi kuskure?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku taimaka min, kwana uku ke nan barci ya gagare ni. Shekara biyu na yi ina harba ƙananan rokoki waɗanda inji ke fitar musu da laima, bara na samu shaidar mataki na ɗaya ta harba manyan rokoki da injin H (harafin na nuna ƙarfin inji, I ya fi H, J ya fi I). Daga nan na ce sai na koyi sauka mai laima biyu, ƙarama a ƙololuwa, babba kusa da ƙasa. Wata bakwai ina kan wannan roka mai faɗin inci 4. Da hannuna na yanka murafan katako biyu na ɗakin na'ura, na zura rodi biyu masu tiredi, na ɗaure altimita (na'urar auna tsayi mai sakin laima) da batir 9V a kan allo. Sau uku ina sake allon saboda ramukan noti ba su daidaita ba, har na yanke a yatsa. Ƙanena ne ya yi fentin, ja da fari, ya sha wahala sosai.

Ranar harbi altimita ta yi ƙara uku-uku, wato ashanar lantarki duka biyu, masu kunna albarushin fitar da laima, a haɗe suke. Ta tashi sambal da injin I. Tana kaiwa ƙololuwa sai na ga laima biyu a buɗe lokaci ɗaya. Iska ta yi gaba da ita, awa biyu muna nema. Na sa babbar ta buɗe a ƙafa 500 ne. Saura mako biyu in gwada mataki na biyu da injin J. Me zan gyara?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Yaro, ramukan shan iska na ɗakin altimita ne, ba sai an je da nisa ba. Altimita ba ta ganin sama, matsin iska take aunawa. In ramin ya yi girma, iska na kaɗawa a ciki, sai ta ɗauka roka ta sauko. Ƙa'idar da muka taso da ita: rami ɗaya na inci 1/4 ga kowane inci kubik 100 na cikin ɗaki. Ɗakinka in tsawonsa inci 8 ne, bai kai 100 ba, don haka ramuka huɗu na inci 1/8 a kewaye, tazara daidai, sun wadatar. Nawa ka huda?

Sabon Hannu:
Baba, uku na huda, kowanne inci 1/4. Amma na goge bakinsu tas da sanfefa, babu ko ɗan tudu. Kuma na karanta cewa gara su yi girma da su yi ƙanƙanta.

Tsohon Hannu:
To ka gani. Ninki uku ke nan na abin da ake bukata. Toshe su da epoksi ka sake hudawa.

Mai Zane:
Baba, da girmamawa, ni ban yarda ba tukuna. Ɗan'uwa, ba ka faɗa mana abu mafi muhimmanci ba: me ke riƙe hancin rokar? In babu kusoshin nailan masu karyewa, lokacin da ƙaramar laima ta fito igiya ta miƙe ta fizga, nauyin hancin kaɗai ya isa ya zare shi ya jawo babbar laima. Altimita ba ta da laifi ko kaɗan a nan. Da ka ɗauko rokar, ka duba kofin albarushin babbar laima? Kuma ka sauke bayanan tashin a kwamfuta? Su za su nuna a wane tsayi ta kunna ashanar.

Sabon Hannu:
Yaya, tef na naɗa a kafaɗar hancin, ya kama sosai, ko na ɗaga rokar da hancin ba ya zarewa. Haka nake yi tun farko, bai taɓa ba ni matsala ba. Kofunan biyu duk sun ƙone. Bayanan kuma ba ni da wayar haɗawar.

Mai Zane:
Ƙonewar kofin ba ta nuna komai ba, ai ko laimar ta riga ta fita, altimita za ta kunna ashanar in ta iso ƙafa 500. Wani a ƙasa ya ji ƙarar ko ya ga ɗan hayaƙi kusa da sauka? Ɗaga roka da hannu daban, fizgar igiya a sama daban. Sa kusoshi masu girman 2-56 guda biyu ko uku, sannan ka sake gwajin ƙasa, domin albarushin da ke ture hanci mai tef ba lallai ya karya kusoshi ba.

Mai Injin K:
Ni abin da ke ci min rai ke nan, kowa na maganar rami da kusa, ba mai maganar batir. Tawa rokar da na yi shekara guda ina ginawa, maɓallin batir ya zame lokacin tashi, altimita ta mutu, ta dawo da hanci ta nutse a ƙasa. Da shebur muka tono ta. Wanda ya duba min ita kafin harbi ko buɗe ɗakin bai sa na yi ba, har yau abin na raina. Ɗaure batirinka da igiyar roba ta fuska biyu, ka sa altimita ta biyu da batirinta da makunninta daban, ta kunna daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan ta farko.

Tsohon Hannu:
Altimita biyu a mataki na uku aka wajabta. Wanda bai iya ɗaya ba, biyu ruɗa shi za su yi, wayoyi takwas a ɗakin inci 4. Na ce ramuka ne. Sannan ka duba inda waya ta ratsa murfi, in ba ka liƙe ba, hayaƙin albarushi zai shiga ɗakin ya ɗaga matsi, altimita ta ɗauka ta faɗo ƙasa, nan take ta saki babbar laima. Wannan hayaƙin yana cin na'urar ma.

Sabon Hannu:
Wannan kam ban liƙe ba, Baba, amma ramin matsattse ne, da ƙyar wayar ta wuce. Na buɗe yanzu, akwai ɗan baƙi-baƙi a gefen murfin ta ciki, kamar an shafa toka da yatsa. Allon kansa fes yake.

Mai Zane:
To wannan abin dubawa ne. Gram nawa ka zuba wa ƙaramar laima? In ya yi yawa, shi zai ƙara ƙarfin fizgar, shi kuma zai tura hayaƙin ciki. Ka yi gwajin ƙasa kuwa?

Sabon Hannu:
Gram 2 na sa, don ina tsoron kada ta ƙi rabuwa. Gwaji na yi sau ɗaya a ɓangaren hanci kawai. Gaskiya ba na son huda jikin rokar don kusoshi, fentin zai lalace, kuma mako biyu ba za su isa in sake komai ba. In na liƙe wayar na rage ramukan, na ƙara tef, ba zai wadatar ba?

Mai Injin K:
Ni dai da ni ne kai, ɗaga ranar zan yi.

Tsohon Hannu:
Ba sai ya ɗaga ba. Inci 1/8, guda huɗu.

Mai Zane:
Ɗan'uwa, ari wayar haɗawa ka turo mana bayanan tukuna. Injin J zai kai ta sama fiye da na I nesa ba kusa ba, in laimar ta sake fitowa a can, ban san inda za ka same ta ba.

Sabon Hannu:
Zan tambaya ko akwai mai ita. Amma tef ɗin fa ya kama sosai, Yaya.